WAYAR SALULA A HANNUN ƊALIBIN HAUSA: YADDA ZA TA TAIMAKA WAJEN KOYON FURUCI DA RUBUTU

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2001 ne kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar salula ta GSM a Nijeriya. A lokacin, sai mai hali ke iya mallakar layi. Yau kuwa da wuya a shiga ɗakin lacca a sami ɗalibin da ba ya riƙe da waya. Wasu malamai na ganin ba ta kawo komai cikin aji ba sai shagala, kuma suna da hujja. Wannan maƙala za ta duba ɗaya ɓangaren, wato yadda mu da muke nazarin Hausa a matsayin harshe na biyu, nesa da ƙasar Hausa, za mu yi amfani da wayarmu mu cike giɓin da littafi ya bari.

2.0 Abin da rubutun boko ba ya nunawa

Babbar matsalar mai koyon Hausa daga littafi ita ce, rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali, alhali dukkansu suna bambanta ma'ana. Ɗalibin da ya taso da Yarbanci ya saba ganin alamomin karin sauti a kan wasula. A Hausa babu wannan gata. Ga misalai:

(a) wuya (sama-ƙasa): sashen jiki, wuya (ƙasa-sama): wahala.
(b) kuka (sama-sama): zubar da hawaye, kuka (sama-ƙasa): itaciyar da ake miya da ganyenta.
(c) gari (gajeren wasalin farko): wurin zaman jama'a, gari (dogon wasalin farko): niƙaƙƙen hatsi.
(d) fara: launi, ko ƙwaron da ke cin amfanin gona, ko soma wani aiki. Kowace da nata kari da tsawon wasali.

Haka nan harafin "r" yana wakiltar sautuka biyu, ra-gare da ra-kaɗe. Da su ake bambanta bara (roƙo) da bara (mai yi wa wani hidima). Bahaushe ba ya tuntuɓe a nan, domin ya ji kalmomin tun yana goye. Mu kuwa ido ya riga kunne saninsu. Shi ya sa ake samun ɗalibi mai cin jarrabawar nahawu da maki mai kyau, amma in ya buɗe baki a Sabo sai an ce masa, "Me ka ce?" Irin wannan ɗalibi zai sha wuya ranar da aka ba shi aji ya koyar, ko aka kira shi aikin tafinta ko na gidan rediyo.

3.0 Hanyoyin amfani da waya

3.1 Sauraro

Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Rediyon Faransa kuma a 2007. A da sai an jira lokacin shiri, in ya wuce ya wuce. Yanzu ana iya sauke shirin a waya a maimaita shi yadda ake so. Shawarata ita ce kada a ɗauki shiri gaba ɗaya. A zaɓi minti biyu kacal. A saurara sau ɗaya don fahimtar batu. A karo na biyu a riƙa tsayarwa ana rubuta abin da aka ji, jimla bayan jimla. A karo na uku a bi bakin mai karanta labarin, ana kwaikwayon hawa da saukar muryarsa. Minti biyun da aka yi wa haka sun fi awa guda da aka bari tana tashi a kunne ana wata hidima.

3.2 Naɗar murya

Mutum ba ya jin kuskuren bakinsa a lokacin da yake magana. Don haka ɗalibi ya rubuta tagwayen kalmomi kamar guda goma, irin waɗanda aka kawo a sama, ya sa kowace cikin jimla, ya karanta ya naɗa. Sannan ya roƙi wani Bahaushe, ko malami ko abokin karatu, ya karanta jimlolin nan shi ma a naɗa. Idan aka saurari biyun a jere, bambancin zai fito fili. A adana naɗin da kwanan wata, a sake gwadawa bayan mako biyu.

Masu fita aikin bincike a unguwannin Hausawa, kamar Sabo a Ibadan ko Agege a Legas ko Ama Hausa a Owerri, su kiyaye abu biyu. Na farko, ba a naɗar muryar mutum sai da izininsa. A yi sallama, a gaisa, a bayyana abin da ya kawo mutum, sannan a ce, "Baba, ko ka yarda in ɗauki maganarka saboda karatu?" Na biyu, a tambayi garin da mai maganar ya fito a rubuta. Daidaitacciyar Hausa ta fi jingina da Kananci, amma a waɗannan unguwanni akwai mutanen Sakkwato da Katsina da Jamhuriyar Nijar. Idan ka ji "biyat" maimakon "biyar", ba kuskure ba ne, karin harshen yamma ne.

3.3 Ƙamus

Ƙamusun Bargery, wanda aka buga a 1934, yana nan a intanet, ana iya bincika shi ta waya. Yana da tarin kalmomi da misalai, sai dai wasu sun tsufa, kuma ba za a sami kalmomin zamani a ciki ba. Saboda haka a haɗa shi da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006) da kuma na Paul Newman (2007), wanda yake nuna karin sauti da tsawon wasali na kowace kalma. Duk sabuwar kalmar da aka samu, a ajiye ta a waya tare da abu uku: karinta, jinsinta da jam'inta. Jinsi na da muhimmanci ƙwarai ga wanda harshensa na farko, kamar Yarbanci ko Ibo, ba ya bambanta namiji da mace a nahawu.

3.4 Baƙaƙe masu ƙugiya

Uzurin cewa waya ba ta da ɓ, ɗ da ƙ ya ƙare. Gboard yana da Hausa cikin jerin harsunansa, minti kaɗan ake yi a saita shi. Rashin ƙugiya na mai da ƙafa ta zama kafa, ƙira ta zama kira, ƙarya ta zama karya. A lura kuma cewa ƴ da ake gani a wasu wayoyi rubutun Nijar ne. A Nijeriya 'y ake rubutawa, kamar a 'ya'ya.

4.0 Abubuwan da za a kiyaye

Na farko, fassarar inji. Google Translate ya sa Hausa cikin harsunansa a 2013. Yana iya ba da haske kan ma'ana, amma bai san wanda ake magana da shi ba. Inda Turanci ke da kalma ɗaya, Hausa na zaɓa tsakanin kai da ke da ku, kuma akan yi amfani da ku don girmama babba. Ɗalibin da ya miƙa fassarar inji a matsayin jinga ya cuci kansa, kuma malami yakan gane.

Na biyu, rubutun hira. A WhatsApp za a ga "ykk" da "lfy" da "ngd", za a ga "yazo" da "nasan". Ƙa'ida ita ce a raba wakilin suna da aikatau: ya zo, na san. "Ta fi" daban, "tafi" daban. Hannun da ya saba da rubutun hira shi ne zai riƙe biro ranar jarrabawa.

Na uku, ladabin aji. Ba a naɗar lacca sai malami ya amince. A kashe ƙarar waya. Shiga da ita ɗakin jarrabawa kuwa laifi ne da zai iya jawo kora daga jami'a.

Na huɗu, kuɗi da wuta. Data na da tsada, caji kuma ba kullum ake samu ba. Ɗalibai huɗu ko biyar na iya haɗa kai, ɗaya ya sauke shiri ya tura wa saura ta Bluetooth, kuma kada a bar wanda ba shi da babbar waya a baya.

5.0 Kammalawa

An nuna cewa babban amfanin waya ga mai koyon Hausa shi ne horar da kunne da baki a kan abin da rubutu ba ya nunawa. Ba za ta maye gurbin malami ko littafi ba, domin da tsohuwar zuma ake magani. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan aji ɗaya, kowa ya ware minti ashirin a kullum: goma na sauraro, goma na naɗar murya. A gwada har ƙarshen wannan zango, sannan a kwatanta naɗin farko da na ƙarshe. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.