Yadda Ake Shirya Jiki Da Waya Kafin Tafiyar Ƙafa Ta Farko A Hamada

Duk wanda ya ga hotunan tuddan rairayi na Merzouga a Maroko, ko na Tulo-Tulowa a Yusufari ta jihar Yobe, ko duwatsun Ayir a arewacin Agadez, zai so ya goya jaka ya je ya gani da idonsa. Matasa da yawa suna ɗauka cewa in dai akwai babbar waya a aljihu an gama shiri. Waya tana nuna hanya, amma zafin hamada yakan kayar da ita tun kafin ya kayar da mai ita, shi ya sa ake fara shirin daga jiki.

Horar da jiki

Tafiya a kan rairayi ta fi ta kwalta cin ƙarfi, domin ƙafa tana nutsewa a kowane taku. Yana da kyau a fara atisaye wata biyu kafin tafiya: kilomita 5 sau uku a mako, ana ƙara nisa da nauyin jaka kaɗan-kaɗan har a kai kilomita 15. Manhajoji irin su Strava da Samsung Health suna ajiye lissafin nisa da lokaci. A yi atisayen da takalmin da za a tafi da shi, saboda sabon takalmi yana sa ƙafa ta yi bororo. Jiki kuma yana buƙatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi.

Ruwa da nauyin jaka

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Mai tafiya a hamada yana buƙatar aƙalla lita 4 a rana, fiye da haka idan rana ta ƙwalle. Ƙa'idar da masu hawan dutse suke bi ita ce kada jaka ta wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin mutum. Mai kilo 65 ke nan zai ɗauki kilo 13, ruwan kwana biyu kaɗai ya cinye 8. Wannan lissafin ne ya sa ya kamata tafiyar farko ta tsaya a kwana ɗaya ko biyu, tsakanin Nuwamba da Fabrairu. A haɗa da ƙunshin ORS, da rawani, da rigar sanyi, domin daren hamada a hunturu yana da tsananin sanyi.

Taswira ba tare da data ba

GPS yana karɓar saƙo ne daga tauraron ɗan'adam kai tsaye, don haka yana aiki ko babu sabis, har a yanayin jirgin sama. Hoton taswirar ne yake buƙatar intanet, sai a sauke shi tun daga gida. Google Maps yana ba da damar saukewa, amma ba ya nuna hanyar masu tafiya a ƙafa idan babu data. Organic Maps da OsmAnd sun fi dacewa. A saka alama a kan rijiyoyi, da inda aka bar mota, da ƙauye mafi kusa, sannan a kashe data a gwada a unguwa.

Zafi da caji

Kamfanin Apple ya ce an ƙera iPhone don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. Idan waya ta yi zafi sosai takan daina caji, ta rage hasken fuska, wani lokaci ta tsaya gaba ɗaya. A ajiye ta a tsakiyar jaka, cikin leda mai zif saboda ƙura, kuma a yi caji da dare. Fawa bank mai 20,000mAh ba ya ba da duka abin da aka rubuta a jikinsa; waya mai batir 5,000mAh za ta samu caji biyu da ɗan wani abu. Tocilan goshi daban ta fi a ƙarar da batir da fitilar waya.

Idan wani abu ya faru

Tsarin neman agaji ta tauraron ɗan'adam da ya fara da iPhone 14 a 2022 yana aiki ne a wasu ƙasashe kawai. Na'urar Garmin inReach tana tura saƙo ta taurarin Iridium, amma sai an biya kuɗin rajista, kuma wasu ƙasashe suna neman izini kafin a shiga da irinta.

Kafin a kama hanya, a binciki halin tsaro na yankin, a samu ɗan jagora ɗan wurin, a bar wa 'yan uwa taswirar hanya da ranar dawowa. Idan jiri, ko amai, ko ruɗewa ya kama wani, a tsaya a inuwa, a jiƙa masa jiki, a fasa tafiyar a nemi agaji.