Matakan Sauke A-kori-kura Ƙasa da Zaɓar Tsayin da Ya Dace

Sauke a-kori-kura ta yi kusa da ƙasa ado ne da ya yi tashe a Amurka, musamman a jihohin Kalifoniya da Tekzas, inda ake ji da motoci irin su Chevrolet C10. Idan ka ji masu wannan harka sun ce “biyu da huɗu”, suna nufin an sauke gaba inci 2, baya kuma inci 4. Baya ya fi samun kaso mai yawa ne saboda tun daga kamfani ake ɗaga shi, don idan an yi lodi motar ta daidaita.

Za mu yi aikin a kan ƙaramar mota mai ja da ƙafafun baya kawai, irin tsohuwar Toyota Hilux ko Nissan D21. Gabansu yana kan toshin-ba, wato doguwar sandar ƙarfe da ke murɗewa ta ɗauki nauyi, bayansu kuma yana kan sifirin mai falle-falle.

Tanadi jak, da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, da tef ɗin awo, da alli, da sifanoni har da mai auna ƙarfin ɗauri, da man sassauta tsatsa, da bulo biyu na ƙarfe da aka ƙera don wannan aiki, da sababbin yubol dogaye. Ka ware yini guda.

1. Auna motar yadda take. Ajiye ta a daɓen siminti mai shafe, ka daidaita iskar tayoyi, ka sauke komai daga bodi. A kowace ƙafa, auna daga cibiyar wili zuwa leɓen madigadi, ka rubuta. Kada ka auna daga ƙasa, domin taya mai ƙarancin iska za ta yi maka ƙarya. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya kwantawa, sifirin ya gaji, shi za ka fara gyarawa.

2. Yi mata lodin da ta saba ɗauka, ka sake awo. Idan siminti kake ɗauka, ɗora buhunan nan masu kilo 50 iya adadin da ka saba. Sannan ka leƙa ƙasa ka duba tazarar da ke tsakanin aksul ɗin baya da robar tsayawa da ke manne a jikin shasi. Wannan tazara ita ce duk wurin da mota ke da shi na lotsawa idan ta faɗa rami, kuma duk incin da ka sauke daga cikinta yake fita.

3. Yanzu zaɓi tsayi. Nan ne ake yin kuskuren da ya fi tsada, don mutum kan ga hoton motar da aka ƙera don baje koli, ya ce shi ma haka yake so. Ka tuna hanyar da kake bi kullum: tudun rage gudu na unguwarku, kwalbatin ƙofar gida, zaizayar da damina ke bari. Duba abin da ya fi kusa da ƙasa a cikin motar, ko salansa ne ko ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin giya, ka auna shi, ka cire abin da kake son saukewa, ka ga ko saura zai haye waɗannan wurare.

A ganina, motar da ake neman abinci da ita kada ta wuce inci 2 gaba da baya, wato kamar santimita 5. Wadda ba ta ɗaukar kaya tana iya kai inci 3 a baya. Daga nan kuma an shiga yankan shasi da walda don a ba aksul wuri, wannan ba aikin sabon hannu ba ne. Akwai ƙa'ida ɗaya da ba a tsallakewa: kada wani ƙarfe na ƙarƙashin mota ya sauko ƙasa da bakin wili. In taya ta fashe kana gudu, wili ake so ya taɓa kwalta, ba yubol ba.

4. Tabbatar da yadda bayan motarka yake kafin ka sayi bulo. Idan aksul yana zaune a saman sifirin, bulo zai sauke mota. Idan sifirin ne a sama, kamar yadda yake a motoci da yawa masu ja da ƙafa huɗu, bulon ɗaga ta zai yi.

5. Fesa wa notuna man tsatsa da dare, tun ana gobe za ka yi aikin. Da safe ka sa waigi a tayoyin gaba, ka ɗaga baya, ka tokare shasi da ƙafafun ƙarfe, ka cire tayoyi. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma ka tokare ta da bulon gini.

6. Sa jak ƙarƙashin aksul, ka kwance yubol na gefe ɗaya, ka ɗan sassauta na ɗaya gefen. Ɗaga aksul a hankali har bulo ya samu shiga, idonka na kan tiyon burki kada ya ja ko ya lanƙwashe. Kan santa-bol na sifirin zai shiga ramin da ke ƙasan bulo, ƙusar da ke saman bulo kuma ta shiga ramin mazaunin aksul. Sai ka ji sun zauna daram kafin ka ci gaba. Idan bulon mai gangare ne, bi takardar da ta zo da shi wajen sanin inda siririn bakin zai fuskanta, domin shi ke gyara kwanciyar farfela.

7. Saka sababbin yubol, tsofaffin sun riga sun miƙe. Ɗaure notunan kaɗan-kaɗan, kana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Yi wa ɗaya gefen haka. Ɗauri na ƙarshe sai mota ta sauka kan tayoyinta, da ƙarfin da littafin motar ya faɗa.

8. Koma gaba. Ɗaga shi har tayoyi su bar ƙasa, don nauyi ya sauka daga kan toshin-ba. Bi sandar zuwa ƙarshenta ta baya, za ka ga dogon bol na saiti. Yi masa alama da alli, ka kwance notin kulle, ka sassauta shi kana ƙirga zagaye. Abin da ka yi wa dama ka yi wa hagu. Sauke motar, ka tura ta gaba da baya, ka danna bamba ta girgiza, sannan ka auna. Za ka maimaita wannan, don haka kada ka yi gaggawa. Lura kada bol ɗin ya kusa ƙarewa a cikin noti, kada kuma hannun ƙafar gaba ya kwanta kan robarsa.

Wani zai ce maka a gasa sifirin da wutar walda ya kwanta, ga sauƙi ga arha. Amma wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, gefe biyu ba za su sauka daidai ba, kuma yana iya karyewa ana tafiya.

9. Duba shokozoba. Idan ta kusa nutsewa gaba ɗaya alhali mota na tsaye, sai an sa gajera. Juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, ka ga ko taya na gugar madigadi.

10. Nemi bawul ɗin burki mai auna lodi. Toyota da yawa suna da shi a baya, da siririyar sanda da ta haɗa shi da aksul. Da ka sauke mota zai ɗauka an yi lodi, ya ƙara wa ƙafafun baya burki, su riƙa cijewa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Sai an sake saita shi. In ba ka taɓa yi ba, kai wa bakanike.

11. Kai motar a yi mata alaimen a ranar ko washegari, in ba haka ba tayoyin gaba za su cinye ta ciki. Da dare ka haska bango ka gyara fitilun gaba, don baya da ya sauka kan ɗaga haskensu zuwa idon mai tahowa.

12. Gwada ta a hankali a hanyar da ka sani, gilashi a sauke, kana sauraron ƙwanƙwasa ko kakkarwar farfela. Bayan kamar kilomita 200, sake ɗaure yubol, ka sake auna ƙafafu huɗun ka gwada da abin da ka rubuta.