Abin da ke Riƙe Sabon Manomin Amurka a Aikin Albashi

A Amurka, Ma'aikatar Aikin Gona tana kiran mutum sabon manomi muddin bai wuce shekara 10 yana riƙe da gona ba. Ƙidayar 2022 ta nuna cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na manoman ƙasar irin waɗannan ne. Da yawansu suna haɗa noma da aikin albashi a gari, kamar koyarwa ko aikin masana'anta. Mai karatu zai zaci ƙarancin amfanin gona ne kaɗai dalili, alhali akwai wani babba, wato inshorar lafiya.

Jinya a Amurka tsada gare ta ƙwarai, kuma akasarin ma'aikata ta wurin aikinsu suke samun inshora. Tsarin ya yi ƙarfi ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da gwamnati ta ƙayyade albashi, kamfanoni suka koma jawo ma'aikata da inshora. Manomi kuwa ba shi da ubangidan da zai biya masa. Ga noma sana'a ce mai haɗari: tarakta takan kife, inji yakan ci hannu, ƙurar hatsi takan lalata huhu. Jinya guda tana iya cinye gona ɗungurungum. Shi ya sa miji ko mata yakan riƙe aikin gari, ko da gona tana neman hannu. Wanda ya kai shekara 65 ya huta da wannan, domin shirin gwamnati na Medicare ya ɗauke masa.

Dokar lafiya da Shugaba Obama ya sa wa hannu a 2010 ta rage matsin. Daga 2014 mai sana'ar kansa ya sami damar sayen inshora da rangwame, gwargwadon samunsa.

Tallafin noma kuwa, bisa ƙa'ida, ya kamata ya rage wa manomi bukatar aikin waje, tunda kuɗi ne a hannu. Sai dai manyan shirye-shiryen ana lissafa su ne a kan filayen da aka daɗe ana shuka masara, waken soya, alkama, shinkafa ko gyaɗa. Sabon manomi mai 'yan ekoki na kayan lambu kaɗan yake gani. Wani abin takaici ma, tallafin yakan ɗaga farashin ƙasa da kuɗin hayarta, wato abin da sabon manomi ya fi bukata ke nan yake ƙara masa tsada.