Yadda Ake Zama Mai Tsara Tufafi Ba Tare Da Shiga Makaranta Ba

Duk wanda Allah Ya sa wa sha'awar tsara tufafi, alhali ba shi da halin shiga makarantar da ake koyar da wannan fanni, to, ya sani malaminsa na farko yana nan rataye a ɗakinsa, watau tsohuwar rigar da wani gwanin tela ya ɗinka, wadda ta zauna masa daidai a kafaɗa. Sai ya ɗauko ta, ya sami reza, ya farke ta sannu a hankali, ɗinki bayan ɗinki, yana lura da abin da aka fara haɗawa da abin da aka bari sai ƙarshe, har ta rabu gida-gida: gaba, baya, hannu, wuya, aljihu. Sa'an nan ya goge kowane yanki da dutsen guga, ya shimfiɗa shi bisa takardar buhun siminti ko tsohuwar jarida, ya zana siffarsa, ya yanke. A nan ne zai ga abin da ido ba ya gani a jikin mai sanye da riga, musamman yadda lanƙwasar saman hannu take shiga ramin hammata, domin a wannan gurbi ne ake rarrabe gwani da ɗan koyo.

Sha'anin keken ɗinki ba ya bukatar dogon bayani. Ko Singer ne ko Butterfly na ƙafa, ya fara taka shi ba zare, yana bin layin da ya ja a takarda, har ƙafa da hannu su saba da juna.

Amma awo da yanka, su ne asalin sana'ar, kuma su ya kamata a ba mafi yawan lokaci. Ya wajaba ya riƙi littafi, ya auna mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya, babba da yaro, mai jiki da siriri, ya rubuta faɗin kafaɗa, da ƙirji, da ƙugu, da tsawon hannu, ya kuma riƙa barin rarar kamar rabin inci saboda ɗinki, da wata rarar saboda numfashi da zama da sujada, gama rigar da ta yi kyau a tsaye amma ta matse mai ita a ruku'u ba ta cika riga ba. Kada ya kuskura ya sa almakashi a shadda tun yanzu. Akoko da ragowar ƙyallaye sun ishe shi, sai ya maimaita wuya ɗaya har ya daina tattarewa.

Bayan haka sai sanin yadi, wanda ba a samunsa sai da yatsu. In yana Kano, ya yawaita zuwa Kantin Kwari ko da ba zai sayi kome ba, ya taɓa, ya tambaya, ya gane wanda yake tsayawa da wanda yake zubowa, da wanda yake tsukewa in ya sha ruwa. Atamfa yadi 6 ce, kuma zanenta yana da fuska, saboda haka tilas a lissafa riga da zani da ɗankwali tun kafin a yanka, don kada fure ya zo a kife.

Sai a wannan mataki ne, a ganina, mutum yake da ikon ƙago nasa, domin tela yana ɗinka abin da aka ce masa, shi kuwa mai tsarawa shi ne yake cewa. Ya duba aikin magabata da idon basira, irin su aska takwas ta masu aikin hannu na birnin Zariya da rinin Ƙofar Mata ta Kano, ya duba kuma abin da ake nunawa a YouTube, sa'an nan ya zana nasa, yana canja abu guda kurum a kowace riga, ko wuya ko hannu, don ya san abin da ya gyara da abin da ya ɓata.

Idan mutane suka fara tambayar wa ya ɗinka, sai ya yanka farashi da adalci, yana lissafa zare da maɓalli da gawayin guga da wuninsa. Kuma in azumi ya kama, ya ƙidaya rigunan da hannunsa zai iya gamawa kafin daren Sallah, ya karɓi wannan adadi, sauran ya ba su haƙuri tun yadinsu yana hannunsu.