Ba Kowane Shiru Ne Na Tsufa Ba

Dattijon da ba ya fashin majalisa bayan La'asar, yanzu wuni yake a zaure, rediyo a kashe, tuwo ya huce a kwano. In an tambaye shi ya ce, "Jikin ne ba daɗi." 'Ya'ya su ce ai tsufa ne, su sayo masa maganin ƙarin jini. Sau da yawa kuwa ciwon damuwa ne, wanda a jikin tsoho yakan fake da ciwon gaɓoɓi, rashin barci da mantuwa, har a ɗauka rikicin tsufa ne. Binciken Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan, wanda aka wallafa a 2007, ya gano kusan kashi 7 cikin 100 na 'yan shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarbawa sun yi fama da shi a cikin shekara guda.

Ƙwayoyin maganin damuwa na aiki, amma ga mai shan maganin hawan jini da na suga, ƙarin ƙwaya na iya jawo jiri da faɗuwa. Shi ya sa idan ciwon bai tsananta ba, likitoci kan fara da maganin tattaunawa.

Wadda ta fi shahara ita ce hanyar gyara tunani da ɗabi'a, wadda likitan Amurka Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960. Tsoho ya ce, "Na zama kaya a wuyan 'ya'yana." Masani ba zai ce masa ya yi haƙuri ba (wannan ya sha ji), zai tambaye shi ne: wa ya sasanta rigimar gadon nan bara? Daga nan su tsara ƙananan ayyuka na mako: jam'in Magariba, ba akuya dusa, gaida tsohon aboki. A nan iyali ke yawan kuskure, don tausayi ya sa su karɓe masa kowane aiki, su bar shi da tabarma da tunani.

Akwai kuma bitar rayuwa, inda ake jan tsoho ya ba da tarihinsa daki-daki, da daɗi da ɗaci.

Idan sauyin halin tsoho ya wuce mako 2, a kai shi asibiti a fara da gwajin jini, sannan a nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin Barnawa a Kaduna. Idan kuwa ya daina cin abinci, ko yana cewa gara ya mutu, ranar za a tafi.