Ciwon sukari na yara: me ake gada, me ba a gada ba?

Manyan ire-iren ciwon sukari biyu ne. Wanda muka fi sani shi ne na manya. Akwai kuma wanda ya fi kama yara da samari. A kansa za mu yi darasin yau, don in yaro ya kamu sai gida ya rikice. Dangin miji su ce daga uwa ne. Wasu su ce maye ne. Wasu su ce alewa ya sha da yawa. Duk ba haka ba ne.

Bayan tumbin mutum akwai wani ɗan nama dogo, likitoci na kiran shi pankireyas. Shi ke yin ruwan da ake kira insulin, mai shigar da sukarin abinci cikin naman jiki. Jiki kuma yana da masu tsaro, aikinsu yaƙi da ƙwayoyin cuta. A wannan ciwo masu tsaron ne ke kuskure, su far ma wurin da ke yin insulin, har ya daina aiki.

Me ke sa su kuskure? Nan gado ya shigo. Kowane mutum yana da zaren gado 46 cikin ƙwayoyin jikinshi, 23 daga uba, 23 daga uwa. A kan zare mai lamba 6 akwai alamun da ke koya ma masu tsaro su bambanta ɗan gida da baƙo. Ana kiran su HLA. A 1973 da 1974 masana suka gano cewa wasu irin waɗannan alamu suna sa yaro ya fi saurin kamuwa.

Manomin Jiratawa ya san wannan. Wani irin gero ya fi wani rauni gaban cuta, amma ba kowace damina cutar ke faɗa mishi ba. To, raunin ake gada, ba ciwon ba. Mutane da yawa suna ɗauke da alamun har su tsufa lafiya lau. Ko tagwaye masu kama ɗaya, sau da yawa Hasan ya kamu, Husaini bai kamu ba. A ƙasashen Turai an ƙidaya: cikin yara 10 masu ciwon, wajen 9 ba su da uba ko uwa ko ɗan'uwa mai shi. Kuma in uba ne mai ciwon, haɗarin ɗan ya fi na wanda uwarshi ke da shi. Masu korar mata kan wannan magana su ji da kyau.

In yaro yana shan ruwa ba ya ƙoshi, yana yawan fitsari har a shimfiɗa, yana ci amma yana ramewa, ko kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari, kada a jira. Daga Tsibiri zuwa Maraɗi ba nisa. A kai shi gidan likita a auna sukarin jininshi, ɗigon jini ɗaya ya isa. Jinkirin ƴan kwanaki na iya kai shi ga suma da mutuwa.

Jiƙo da sassaƙe ba su mayar da insulin. Sai allura, kullum, iyakar rayuwa. An samo ta a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, an fara yi ma wani yaro a 1922, ya miƙe. Zafi yana ɓata ta. Inda ba firiji, a sa kwalbar cikin leda, a aje ta cikin jiƙaƙƙen yashi a tukunyar ƙasa, a inuwa. Ƙannen yaron da yayyenshi kuwa, a riƙa sa musu ido.