Wuta, Zuciya da Gumi: Abin da Bazara Take Yi wa Jikin Ɗan'adam

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi ba ya bukatar a yi masa bayanin bazara. Tun daga Lolo, kusa da inda Kogin Kwara ya shigo Nijeriya, zuwa Illo da Ka'oje, har Tsamiya da ke bakin iyakar Jamhuriyar Benin, rana kan yi ƙuna har zafi ya haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. A wannan lokaci ne manomin shinkafar rani yake yini a fadama, ɗan kabu-kabu kuma yake kai da komo a hanyar Segbana. Idan ɗayansu ya dawo gida da ciwon kai da faɗuwar gaba, sai a ce zafi ne ya yi masa yawa, a jiƙa masa tsamiya. Wannan makala za ta duba yadda magabata, musamman likitocin gargajiya na ƙasar Sin, suka fassara wannan hali, sannan ta auna fassararsu da abin da ilmin halittu ya tabbatar.

Wuta a Likitancin Sinawa

Fiye da shekara 2,000 da suka wuce aka harhaɗa littafin Huangdi Neijing, wanda shi ne tushen likitancin gargajiya na Sinawa. Masanansu sun kasa al'amuran duniya gida biyar: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa. Kowane ɗaya yana haifar da na gabansa, wato itace yana ciyar da wuta, wuta kuma ta bar toka ta zama ƙasa. Haka nan kowane ɗaya yana da mai danne shi, kamar yadda ruwa yake kashe wuta.

A gidan wuta suka sanya lokacin zafi, da kudu, da launin ja, da ɗanɗanon ɗaci, da farin ciki. Daga sassan jiki kuwa suka ba ta zuciya da ƙaramin hanji da harshe, suka ɗauki gumi a matsayin ruwan da zuciya take mulki da shi. A ganinsu idan wuta ta yi yawa a jiki, mutum zai kasa barci, ƙirjinsa ya riƙa bugawa, fuskarsa ta yi ja, bakinsa ya yi ƙuraje. Maganinta shi ne tsirrai masu ɗaci da abinci mai sanyaya jiki, irin su kankana.

Zafi da Sanyi a Ƙasar Hausa

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin shi ma yana danganta cututtuka da yawa ga zafi ko sanyi, yana kuma neman saƙe-saƙin maɗaci da ganyen darbejiya idan jiki ya yi zafi. Malaman da suka karanta ɗibbu sun san ɗabi'u huɗu da suka zo cikin littattafan irin su Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, wato wuta, iska, ruwa da ƙasa. Sai dai akwai saɓani. A wurin Ibn Sina wuta da lokacin zafi suna tafiya ne tare da ruwan maɗaciya, wanda hanta take samarwa, a wurin Sinawa kuwa da zuciya. Bugu da ƙari, lokacin zafi na ƙasar Sin yana faɗowa ne tsakanin Yuni da Agusta tare da ruwan sama, daidai lokacin da Bagudo take tsakiyar damina, bayan ƙunar bazara ta wuce. Wannan ya nuna cewa kowace al'umma ta gina bayaninta ne a kan yanayin ƙasarta. Abin da suka gani da ido gaskiya ne. Dalilin da suka bayar shi ne yake bukatar bincike.

Abin da ke Faruwa Cikin Jiki

Zafin cikin jikin mutum mai lafiya yana tsayawa ne a wajen digiri 37, ko ana hunturu ko ana bazara. Mai kula da wannan shi ne wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamas. Da zarar jini ya fara ɗumi, sai ya ba da umarni iri biyu.

Na farko, jijiyoyin jini na ƙarƙashin fata su buɗe, domin jini ya kwaso zafi daga ciki ya kawo shi waje. A nan ne aikin zuciya yake ƙaruwa. Mutumin da yake hutawa, zuciyarsa tana tura jini kimanin lita 5 a minti ɗaya, amma cikin matsanancin zafi fata kaɗai tana iya karɓar lita 7 a minti. Dole zuciya ta ƙara sauri kafin ta biya wannan bukata, ta kuma ci gaba da ciyar da ƙwaƙwalwa da tsokoki.

Na biyu, kafofin gumi, waɗanda suka haura miliyan 2 a jiki, su fara tsattsafo da ruwa. Idan iskar waje ta fi fata zafi, kamar yadda take yi a Afrilu, babu wata hanyar fitar da zafi sai bushewar gumi. Misalin wannan yana cikin kowane gida: randar ƙasa tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsattsafo, iska tana busar da shi, tururin kuma yana tafiya da zafi. Gumin da ya zuba ƙasa bai sanyaya kowa ba. Shi ya sa watan Mayu, lokacin da iska mai laima take isowa daga kudu, yake galabaitar da mazauna bakin Kwara, domin gumi yana kwarara amma ba ya bushewa da sauri.

Mai aikin ƙarfi cikin rana yana iya zubar da gumi lita 1 zuwa 2 a sa'a guda, tare da gishiri. Wannan ruwa daga jini ake ɗebo shi. Idan ba a mayar ba, jini ya ragu, zuciya ta ƙara gudu domin ta zagaya da ɗan abin da ya saura. Ke nan Sinawa ba su yi kuskure ba da suka haɗa zuciya da gumi da lokacin zafi. Amma babu wata wuta a cikin zuciya. Aiki ne ya yi mata yawa, ruwa kuma ya yi mata kaɗan.

Inda Haɗari Yake

Idan zafin ciki ya haura digiri 40, kuma mutum ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya suma, to bugun rana ne, kuma yana kisa cikin sa'o'i. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwan sanyi ana yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Ba a ɗura wa wanda ya suma komai a baki. Wanda ya galabaita amma yana cikin hayyacinsa, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Tsofaffi da jarirai da masu juna biyu da masu ciwon zuciya su ne suka fi shiga haɗari. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, cikin watan azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, wani babban asibitin Bamako kuma ya ƙirga gawa fiye da 100 cikin kwana huɗu.

Haɗari na biyu shi ne kiran kowace cuta da sunan zafi. Sanƙarau yana yawaita a rani da bazara, amma ƙwayar cuta ce take kawo shi. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro ne kawai, su buɗe mata hanya, cunkoso a ɗaki kuma ya yaɗa ta. A annobar 1996 fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Yaron da yake da zazzaɓi mai tsanani da ciwon kai da sanƙarewar wuya, tsamiya ba za ta cece shi ba, sai asibiti a ranar. Akwai kuma rigakafi: a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar.

Darasi daga Dangin Tazargade

Wannan ba ya nufin a yi watsi da ilmin magabata. Cikin tsirrai masu ɗaci da Sinawa suka ce suna kore zafin bazara akwai wani ɗan'uwan tazargade da suke kira cinhawo. Wata masaniya mai suna Tu Youyou ta karanta a wani littafi na ƙarni na 4 cewa jiƙa shi ake yi a matse, sai ta fahimci cewa tafasawa tana lalata ƙarfinsa. A 1972 ita da abokan aikinta suka tace sinadarin atimisinin, wanda ya zama ginshiƙin magungunan zazzaɓin cizon sauro, aka kuma ba ta kyautar Nobel a 2015. Gwaji ya nuna cewa sinadarin yana kashe ƙwayar cutar ne a cikin jini, ba wuta yake kashewa ba. Shan jiƙon ganyen kuwa ba ya maye gurbin maganin da aka auna.

Aikin Gwaji ga Ɗalibai

1. A zuba ruwa iri ɗaya cikin tulun ƙasa da bokitin roba, a ajiye su a inuwa guda, a auna zafinsu bayan sa'a uku. Me ya kawo bambancin?
2. Kowane ɗalibi ya ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunsa na minti ɗaya da ƙarfe 8 na safe da ƙarfe 1 na rana, yana zaune, har kwana biyar. A tattara sakamakon ajin a kwatanta.

Kammalawa

Magabatan Sin da na ƙasar Hausa sun lura cewa bazara tana taɓa zuciya, ilmin halittu kuma ya bayyana yadda hakan yake faruwa. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai san lokacin da inuwa da ruwan randa suka wadatar, da lokacin da ya wajaba a nemi mota zuwa asibiti ba tare da jinkiri ba.